Agogo Ya Ce Ɗari da Saba'in da Shida

Abu biyu matar shagon ta ajiye min a kan kanta. Na farko agogo ne tare da wani baƙin bel na roba da ake ɗaurawa a ƙirji, ƙarƙashin kaya. Na biyu agogo ne shi kaɗai, amma in ka juya bayansa za ka ga wata 'yar koriyar wuta tana ƙyaftawa. Ta ce wannan wutar ce take leƙa jinin da ke wucewa a hannunka ta ƙirga bugun zuciya. Lokacin sababbin fitowa ne, ni dai ban taɓa ganin irinsu ba.

Na tambaye ta wanne ya fi. Ta ce bel ɗin ya fi faɗin gaskiya, sai dai kafin ki ɗaura sai kin jiƙa shi da ruwa ko da yawu. Ina jin yawu na ce a'a, a ba ni mai wutar.

Triathlon nake shirin yi. Wato iyo, sannan keke, sannan gudu, a jere babu hutu. Yadda aka yi na shiga kuwa, ofis ɗinmu a Salford yake, gefen Manchester, bakin docks, wato tsohuwar tashar jiragen ruwa, kuma ta tagar inda nake zama ina hango mutane suna iyo a cikin ruwan nan mai duhu, kawunansu kamar ƙwallaye masu launi. Wata rana na sauka na duba su da kyau. Rigar robar da suke sakawa daga wuya har idon sawu take, ga hula ta rufe gashi. Na ce a raina wannan ai ta fi rabin kayan bikin da nake gani rufe jiki. Da haka na fara koyon iyo ina da shekara ashirin da shida, a women-only session, wato lokacin mata zalla, na pool ɗin iyo da ke kusa da mu. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, komai na council, wato ƙaramar hukuma, ana ta rage shi, session ɗin ya koma sau ɗaya a sati, mu wajen ashirin a layi biyu muna shurin juna. A haka na iya. Na sayi tsohon keke, na shiga wani ƙaramin club, na yi rajistar gasar da za a yi a wannan ruwan da bazara.

Mai koyar da mu ce ta ce in nemi agogo. Ta ce yawancin gudun da za ki riƙa yi a hankali za ki yi shi, zuciyarki kada ta wuce ɗari da arba'in da ɗoriya, kuma ba za ki sani ba sai kin gani da ido.

Ranar farko ba zan manta ba. Na fito ƙofar flat ɗinmu a Whalley Range, na danna, agogon ya ce in jira yana neman tauraron ɗan'adam. Na tsaya a gefen bola ina kallon sama, gajimare ne kawai irin na Manchester. Can ya yi ɗan kuka, ya samu. Wai akwai wasu ƙarafa can sama da gajimaren, sun fi jirgi nisa, suna shawagi, kuma yanzu da taimakonsu an san ina tsaye a gefen bolar nan. Da na dawo na buɗe waya, ga taswirar gudun da na yi da jan layi. Har inda na kauce wa wani kare ya fito, ɗan lanƙwasa kaɗan a gefen park. Na daɗe ina kallon lanƙwasar nan. Abin da ni kaina na riga na manta, an rubuta shi.

Sai na duba lambar zuciya.

Minti biyar na farko tana ɗari da ashirin, ɗari da talatin. Daga nan ta yi tsalle ɗaya ta hau ɗari da saba'in da shida, ta zauna a nan har na gama. Ni kuwa gudun da na yi ko haki ban yi ba, har waya na amsa a hanya. Na ce ƙila ranar farko ce. Bayan kwana biyu na sake, haka. Na rage gudun har wata tsohuwa mai sanda biyu ta kusa wuce ni, lambar ta ɗan sauko ta sake hawa. Na nuna wa mai koyar da mu. Ta kalli wayar, ta kalle ni, ta ce a gidanku akwai mai ciwon zuciya?

Babanmu ya rasu ina da shekara tara. Ya dawo daga kasuwa a Kano, ya zauna a tabarma ya ce a kawo masa ruwa, kafin a kawo ya kife. Kafin la'asar an kai shi. Mutane suka ce zuciya ce, wasu suka ce hawan jini, Mama ta ce kwana ne ya ƙare, kuma daga nan babu wanda ya ƙara tambaya. Babu takardar asibiti, babu komai. Shekararsa hamsin da kaɗan.

Na kira GP, wato asibitin likitan unguwarmu. Aka ce appointment sai bayan sati uku. Matar da ta ɗauki wayar ta tambaye ni me ya kashe mahaifina. Na ce ban sani ba. Ta ce ko kusan-kusan? Na ce ya nemi ruwa ne kawai.

Na daina gudu. Na daina hawa keke. Iyo ma na fasa, duk da sau ɗaya ne a sati. Matakalar flat ɗinmu hawa biyu ce, na koma hawanta kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Agogon kuma ban cire ba, kullum ina dubawa. A zaune yana cewa sittin da wani abu, lafiya lau. Wato ciwon yana nan a kwance, sai na motsa yake tashi. Na buɗe shafin gasar sau uku zan janye sunana, ina rufewa. Mama kuwa ko da wasa ban gaya mata ba, ita da ma ba ta san ina shiga ruwa ba.

Yayata a Birmingham take. Ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, likita ce, irin waɗanda suke sa mutum barci in za a yi masa tiyata su zauna a kansa har ya farka. Mun yi waya ran Alhamis a kan wata magana daban, ɗinkin bikin wata 'yar'uwarmu. Muna cikin maganar leshi ta ce, “Auta, me ya same ki?”

Na ce babu komai.

“Sati biyu ba ki dame ni da labarin kekenki ba. Ko an sace shi ne in yi sadaka?”

Sai na gaya mata. Ta tambaye ni ko ƙirjina na ciwo, ko na taɓa jin jiri, ko na taɓa faɗuwa. Duk na ce a'a. Ta ce, “Ran Asabar ki hau jirgin ƙasa ki zo. Ki taho da takalmin gudun da wannan agogon naki. Kuma ki biya unguwar Longsight ki taho min da yajin nan, na nan garin ba shi da kyau.”

Na isa ta dawo daga shift ke nan, idonta jawur, tana cin burodi a tsaye. Mijinta ya fita da yara. Ta sa abin awon ƙirji ta saurare ni gaba da baya a kicin, ta auna min jini. Azahar ta yi, muka shiga banɗaki alwala, ita a bakin baho ni a sink. Na zo wanke hannu na tura agogon sama da yatsa ɗaya kamar yadda na saba, ya zame har kusan gwiwar hannu, na wanke, na girgiza hannu ya dawo da kansa.

Ta tsaya da ruwa a tafin hannunta.

“Haka kike gudu da shi?”

“Da me?”

“Agogon. Haka yake lilo a hannunki kamar awarwaro?”

Na ce to da yaya ake sa agogo? Ni duk rayuwata haka na ga ana sawa. Mama haka, ƙannen Mama haka, ita kanta Yayar ga nata nan na zinare yana reto a hannunta. Wa zai ɗaure agogo tamau yana kwancewa sau biyar a rana? Ka bar shi sako-sako, lokacin alwala ka ture shi, ruwa ya shiga ko'ina. Ramin ƙarshe na madaurin nake sakawa, har na taɓa tunanin in ƙara huda wani.

Ta ce, “Yi sallarki tukuna.”

Muna sallamewa ta shiga ɗaki ta fito da wani bel irin wanda na ƙi a shago. Na mijinta ne, ya saya lokacin da ya yi niyyar rage tumbi, ya sa sau biyu. Ta wanke shi, ta jiƙa, ta ce ɗaga rigar. Sanyin robar ya sa na zabura.

“Tsaya mana. Mutane ana tsaga cikinsu ba su yi wannan rawar ba.”

“Ai su kin sa su barci.”

“Ke ma da da hali da na sa ki.”

Ta haɗa bel ɗin da tsohuwar wayar mijin, ta zura hijabi a kan kayan asibiti, ta ciro kekensa daga bayan gida. Bayan layinsu akwai canal, ruwa kore a kwance da 'yar hanya a gefe. Ta ce in yi gudun da na saba, kada in taɓa agogon, in bar shi yadda yake.

Na fara. Sati biyu rabona da gudu, kuma a raina ina ganin kowane taku zai iya zama shi ne. Tana bina a keken da ya fi ƙarfinta, hannu ɗaya a kan keke ɗaya riƙe da waya, hijabin yana cika da iska. Muka wuce ƙarƙashin wata gada, muka wuce wasu agwagi. Can na duba hannu.

“Ya hau, Yaya. Ɗari da saba'in da shida.”

“Ci gaba.”

“Na ce miki ya hau.”

“Na ji. Nawa kuma yana cewa ɗari da talatin da takwas. Ci gaba, amma yanzu ƙirga min takunki. Duk ƙafar da ta taɓa ƙasa ki ƙirga, sai na ce ki tsaya.”

Na fara ƙirgawa a zuci. Ɗaya, biyu, uku, takalmina a kan tsakuwa. Na wuce ɗari, na wuce ɗari da hamsin. Ta ce minti ya cika, nawa?

Ɗari da saba'in da biyar na samu, ƙila na zubar da ɗaya a hanya.

Na tsaya cak. Ta taka birki ta kusa faɗawa ruwa, ta jingine keken, ta danna yatsu biyu a gefen wuyana tana kallon nata agogon. Ta ƙirga, ta ninka a ka. Ta ce bel ɗin ne mai gaskiya.

“Ƙafafunki yake ƙirgawa, Auta. Duk takun da kika yi yana tsalle a hannunki, haske ya shiga ƙarƙashinsa ya fita. Shi kuma abin da aka ce ya nema ke nan, haske mai zuwa yana komawa a kan ƙa'ida. Ya ga wanda ya fi ƙarfi ya bi. Irin wannan wutar muke maƙala wa marasa lafiya a yatsa. Mutum ya fara rawar sanyi sai na'urar ta koma ƙirga rawar sanyin. Ga fatarmu kuma, da ma wutar da ƙyar take ratsa ta. Ke kuma kin ba shi filin rawa.”

Ban yi dariya ba a lokacin. Zama na yi a wani benci da ke gefen. Ta zauna kusa da ni ta ɗora min wayar a cinya.

Abin da na gani a wayar nan har yau yana raina. Lamba ce babba a tsakiyar fuska, da ɗan hoton zuciya yana buɗewa yana rufewa. Ɗari da ashirin da tara. Ina kallo ta koma ɗari da ashirin da huɗu. Ɗari da goma sha bakwai. Ɗari da tara. Babu abin da na yi. Ban ce mata ta sauko ba, ban ma san ta ina ake ce mata ba. Ta gane da kanta an daina gudu, tana saukowa a natse kamar mai saukowa daga bene da fitila a hannu. Casa'in da takwas. Casa'in da ɗaya. Na ja dogon numfashi ta ɗan hau, na sake shi ta sauka. Na sake ja don in gwada, ta sake hawa. Ashe duk numfashin da na taɓa yi tana jinsa tana amsawa.

Na sa hannu a ƙirji a kan bel ɗin. Wata tsoka da ba ta wuce dunƙulen hannuna ba. Tun kafin a haife ni take wannan aikin, tun kafin a raɗa min suna. Ina barci tana yi, ina jarrabawa tana yi, ranar da aka fita da Baba tana yi, a jirgin da ya kawo ni ƙasar nan tana yi. Ko sau ɗaya ban taɓa tuna mata ba. Sati biyun nan da nake zarginta ma ba ta fasa ba. Na ce subhanallah a hankali, na sake cewa.

Yaya tana kallon ruwa ta ce, “Shekarata ta farko a asibitin nan, akwai ranar da muka gama aiki kowa ya fita. Na rufe ƙofa na manna wa kaina wayoyin nan, na kwanta a gadon ina kallon tawa.”

Na juyo na kalle ta. Ba ta taɓa gaya min ba.

“Me kika gani?”

“Lafiya lau. Amma sai da na yi haka sau uku a shekarar kafin na yarda.”

“Yaya, me ya kashe Baba?”

“Ban sani ba. Ni na je ɗebo ruwan. Na yi karatun nan duka, na ga zuciyar mutane da idona tana motsi a buɗe, kuma har yau ban sani ba.” Ta goge hanci da gefen hijabi. “Shi ya sa appointment ɗin nan za ki je. Kada ki ce Yaya ta duba ni a bakin ruwa. Su yi miki ECG, gwajin zuciya, ki gaya musu komai. Kin ji?”

Na ce na ji.

“Kawo hannun.”

Ta kwance agogon, ta matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu, ta ja madaurin rami huɗu. Ya kama ni kamar an riƙe ni. Na ce ya matse. Ta ce haka ake so, in alwala ta zo ki kwance, hannunki ba zai karye ba. Muka koma gida ina gudu tana bina. Agogo ɗari da arba'in, bel ɗari da talatin da tara. A wata kwana ya sake ruɗewa ya haura, ya dawo. Ta ce kin gani, ko an ɗaure shi sai ya ɗan yi ƙarya.

Ran Litinin na koma shagon. Na gaya wa matar abin da ya faru, ta dafe kai ta ce ya kamata ta nuna min yadda ake ɗaurawa. Na ce ba laifinta ba ne, ta ina za ta sani. Agogon na riƙe shi saboda taswira, na ƙara da bel nawa na kaina. Da ruwan famfo nake jiƙawa.

Amma ban koma gudu ba sai da ranar GP ta zo. Wata nas ta kwantar da ni ta manna min abubuwa a ƙirji da hannu da ƙafa, masu sanyi, ta ce kada in motsa. Ko minti ɗaya ba a yi ba takarda ta fito, mai ruwan hoda, da layi yana tafiya yana tashi kamar tsinin masallaci yana komawa, kowane tashi daidai da ɗan'uwansa. Likitan ya bi layin da biro daga farko har ƙarshe. Ya tambaye ni labarin Baba, na ba shi iya abin da muke da shi, tabarma da ruwa. Ya rubuta. Ya ce bai ga komai ba a nan, zuciya ce ta mai motsa jiki, in ci gaba da abin da nake yi, in kuma na taɓa jin jiri ko ciwon ƙirji in dawo a ranar.

Na roƙe shi ya bar ni in ɗauki hoton takardar. A bakin ƙofa na tura wa Yaya. Tana tiyata, na san ba za ta gani ba sai an jima, amma kafin in sa wayar a jaka ta amso. Kalma biyu, alhamdu lillahi. Sai wani saƙon ya biyo baya, wai yajin da na kai mata ba shi ta ce ba.

Ina cikin karantawa na hango bas ɗina ya tsaya can gaba, mutum na ƙarshe yana shiga. Nisan ya kai tsawon layi guda. Na rungume jaka na zuba da gudu, gudun gaske, gyalena yana tashi, ina ɗaga wa direba hannu. Ya jira ni. Na faɗa kujera ina haki, ina jin zuciyata tana dukan ƙirjina da ƙarfi har cikin kunne, na bar ta ta yi abinta.